Katakon da Kawu Ya Ajiye Mini

Ranar Talata bayan azahar muka kai Kawu makwancinsa. Yayan mahaifiyata ne, kafintan da duk wani tsohon mazaunin Gyadi-Gyadi ya sani da guntun fensir a bayan kunne. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, shi dai ya riga mu ne. Jinyarsa ba ta yi tsawo ba, kwana tara ce, kuma a hannuna ya yi ta.

Da muka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, mutane suka yi ta zuwa har layin ya toshe, masu a-daidaita-sahu suna juyawa suna mita. Na lura kusan duk wanda ya zauna ya shafa addu'a, sai ya kawo labarin wani abu da Kawu ya ƙera masa. Limamin masallacin layin ya ce matakan mumbarin nan uku shi ya yi su, kuma sai da ya sa shi ya hau ya sauka da alkyabba a jikinsa kafin ya yarda ya buga ƙusar ƙarshe. Wani tsohon tela ya ce teburin yankansa ya girmi babbar 'yarsa, har yau bai taɓa girgiɗi ba. Daga cikin gida kuma muna jiyo kukan mata yana tashi yana lafawa. Matata ta faɗa mini daga baya cewa wata tsohuwar ungozoma ce ta fi kowa kuka, wai shi ya rage mata tsayin dokin ƙofarta lokacin da ƙafarta ta fara ciwo, ba tare da ta roƙe shi ba.

Sai wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Tarauni, ya gyara zama ya ce ƙafar benen gidansa ta katako ce, Kawu ya yi ta tun yaransa suna ƙanana, kuma yanzu da ya tsufa ne ya san darajarta, don har yau yana hawa ba tare da ya dafa kowa ba. Ya juyo ya dube ni.

"Kai ma ai na ji ka ɗora bene a Darmanawa. Shi ya yi maka ƙafar ko?"

Na ce, "Eh, Baba, shi ne."

Wallahi haka na ce. A zaman makokinsa, ƙasar kabarinsa ba ta gama fita daga farcena ba, na yi ƙarya da sunansa. Babban ɗan Kawu yana zaune kusa da ni, ya san gaskiyar maganar sarai. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Da ma ya tashi ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Wannan ƙaryar ce ta sa na ɗauki biro. Kawu ba ya cikin waɗanda ake rubuta labarinsu a jarida, kuma in ban rubuta ba, nan da 'yan shekaru jikokinsa za su san shi ne kawai a matsayin wani tsoho mai faɗa da ke warin katako. Amma ba zan iya faɗin ko wane ne shi ba sai na faɗi abin da na yi masa.

Kawu mutum ne gajere, mai kaurin hannu, mai kaifin baki. Ba ya gaisuwa mai tsawo. In ya shiga gidanka idonsa na kan ƙofofi da kujeru, kana yi masa sannu da zuwa yana girgiza ƙafar teburinka. Fensirin nan ko masallaci da shi yake zuwa, sai an tayar da iƙama yake tunawa ya cire shi ya jefa a aljihu. Ni Likita yake ce mini, alhali ya san ma'aikacin jinya ne ni a sashen ƙashi na asibitin koyarwa. In na gyara masa sai ya ce, "To ni ma ai Injiniya ne, mu je a haka."

Lokacin da na samu shiga makarantar koyon jinya, a gidansa na zauna shekara uku, saboda ya fi kusa. Ya ƙera mini teburin karatu, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta. Na yi dariya na ce Kawu an yi kuskure. Ya ce in kai shi ɗakin tukuna. Da na ajiye shi a kusurwar da nake karatu sai ya zauna daram, ashe daɓen wurin ne ke da tudu, shi kuma ya riga ya auna tun ina makaranta. Ya ce, "Kai ka auna tebur, ni na auna ɗaki."

Amma aikin da ya fi so, wanda ya fi yin faɗa a kansa, shi ne ƙafar bene. Yana da tambaya ɗaya da yake fara yi kafin ya ciro tef ɗin awo: "Wa ya fi kowa tsufa a gidan nan?" In an nuna masa, sai ya jera guntayen katako a ƙasa, ya ce wa tsohon ko tsohuwar su taka. Ya ƙara ɗaya, su sake takawa. Shi kuwa yana tsugune, ba ƙafar yake kallo ba, fuskar yake kallo. Inda ya ga an cije leɓe, sai ya cire katako ɗaya, ya auna abin da ya rage, ya yi tsaga a jikin wata sanda. Wannan tsagar ita ce tsayin kowane mataki a gidan, kuma ko gwamna ne ya zo ba zai ƙara mata rabin inci ba.

Sauran ƙa'idojinsa na haddace su tun ina gidansa, don kullum sai ya maimaita su ko ba a tambaye shi ba. Matakai duka tsayinsu ɗaya, domin ƙafa tana haddace tsayin tun daga mataki na uku, in ka canja mata a na bakwai za ta kayar da mai ita. Faɗin wurin takawa ya ɗauki tafin ƙafar babban mutum da takalminsa, kada dunduniya ta rataya. Dogayen katakan nan da ake jinginawa a karkace, waɗanda ake yanka wa haƙora matakan su zauna a kai, shi iyaye yake ce musu, wai su ke goye da matakan. Ba ya yarda a ci cikinsu da zarto har abin da ya rage a bayan haƙoran ya gaza inci biyar. Kuma yakan rage kaurin allon takawa daga gindinsu, in ba haka ba matakin farko zai fi sauran tsayi. In ya gama aiki sai ya sa babbar riga, ya cika buta da ruwa, ya rufe ido ya hau ya sauko. Ya ce ba wanda ke hawa bene hannu sake yana kallon ƙafarsa, kullum da tire ko jariri ko buta.

An taɓa yin wani Alhaji a Unguwa Uku da ya matsa masa ya rage yawan matakai don a samu wurin ajiye firji a ƙarƙashi. Kawu ya tattara kayan aikinsa a buhu, ya ce, "Alhaji, firjin ne zai riƙa hawa ko mahaifinka?" Ya tafi abinsa. Mun sha ba da labarin nan a gida muna dariya. Ni na fi kowa iya kwaikwayon muryarsa a wurin, kun ji abin kunya.

Bayan rasuwar mahaifinmu na ɗauko Umma, mahaifiyata, ta dawo gidana a Darmanawa. Gidan ƙarami ne, iyali kuma suna ƙaruwa, sai na ɗora bene a kan ɗakunan gaba: falo babba mai tagogi ta ko'ina, da ɗakuna biyu. Niyyata, Allah ya sani, ɗaya ɗakin na Umma ne, don ƙasa akwai zafi, ga ƙarar janareton maƙwabta. Da yake benen daga baya aka ɗora shi, babu gurbin ƙafa a ciki, sai dai a yi ta katako a tsakar gida a rufa mata kwano. Ba sai an faɗa ba, Kawu aka kira.

Ya zo da safe da sandarsa. Bai ma yi tambayar tasa ba, ya san amsa. Ya jera katakai a gaban ƙanwarsa.

"Taka mu gani."

Umma ta ce, "Yaya, ni da nake sallah a kan kujera, ina ni ina bene?"

"Na ce ki taka. Tun kina yarinya kike da gardama."

Ta dafa kafaɗarsa ta taka. Ya ƙara ɗaya, ta taka. Ya ƙara wani, ta cije leɓe ta ce wash. Ya cire shi, ya auna, ya yi tsaga. Inci shida. Daga nan ya sa ta yi tafiya daga ƙofar ɗakinta zuwa bakin famfo ta dawo, yana sauraron numfashinta. Ya saki igiya da dutse daga bakin benen zuwa ƙasa, ya tambaye ni ko zan sa tayil a sama, na ce eh, ya ƙara kaurinsa a lissafi. Inci ɗari da takwas cif. Ya rubuta a jikin bangona da fensir, bangon da aka yi wa fenti sati ɗaya da ya wuce.

Ya ce, "Likita, ɗaga ƙafa goma sha takwas ke nan. Wurin takawa inci goma sha ɗaya. A na tara zan yi ɗan dandamali ta tsaya ta huta, don numfashinta ba zai kai sama a tashi ɗaya ba. Faɗin kuma na mutum biyu ne, saboda sai an riƙe ta. Iyaye uku a ƙasa, uku a sama."

Ya ja layi da ƙafarsa a ƙasa ya nuna inda za ta sauka. Layin ya ratsa tsakiyar wurin da nake ajiye motata.

Motar nan wata huɗu ke nan da sayenta, ita ce ta farko a rayuwata. Ina wanke ta da kaina kafin in tafi aiki. Da na ga layin nan sai na ji kamar a kaina ya ja shi. Na ce Kawu a rage. Ya ce a rage me? Na ce matakan, a yi goma sha biyu, kowanne inci tara, wurin takawa takwas, a cire dandamalin, ai haka ake yi a ko'ina.

Ya ce, "Wannan tsani ne, ba ƙafar bene ba. Uwarka ba za ta hau ba."

Nan fa ilimin boko ya motsa. Na ce masa ni nake aiki da gwiwoyi kullum, na san abin da gwiwa za ta iya, motsa jiki ma magani ne a wurinta. Na kawo sunayen ƙasusuwa da Turanci. Na ce wannan awon da sanda da kallon fuska aikin da ne, yanzu akwai lissafi. Haba! Ni da nake koya wa tsofaffi hawa matakala da sanda a asibiti, na fi kowa sanin inci tara ba na mai ciwon gwiwa ba ne. Na sani sarai. Motar kawai nake gani.

Kawu ya dube ni. Ya ce, "Motar ta kwana a waje, ba ta da gwiwa." Ya saɓa sandarsa, ya ce zai je ya zaɓo katakon maɗaci busasshe, in ba shi sati uku.

Ban ce masa a'a ba, kuma nan ne mugun abin yake. Da na ce masa a'a a fuskarsa, da ya zage ni, da an wuce wurin. Sai na yi shiru na bar shi ya tafi, washegari na kira wani kafinta daga Unguwa Uku. Shi ma bawan Allah sai da ya ce, "Yallaɓai, za ta yi tsaye da yawa fa." Na ce ya yi abin da aka sa shi. Cikin kwana goma ya gama, aiki mai kyau, ya sha fenti yana ƙyalli. Kullum ina cewa gobe zan je Gyadi-Gyadi in faɗa wa Kawu, goben ba ta zo ba.

Ranar wata Asabar da hantsi ina sama na ji ana buga ƙofar gida. Na leƙa ta taga. Kawu ne a gaba da sandarsa, bayansa mai amalanke ya turo kaya tun daga Gyadi-Gyadi, gumi ya jiƙa su duka biyun. A kan amalanken ga iyaye shida an ɗaure da igiya, an yanka haƙoransu, an goge, ga allunan takawa a jere. Aka buɗe musu. Ya shigo, ya tsaya.

Na ce wa matata ta sauka ta ce ba na nan.

Ta ce, "Ka ji tsoron Allah, motarka fa tana tsakar gida."

Na ce ta je dai. Ta sauka tana share hawaye, ni kuma na maƙale a bayan labule, ƙato da ni, mai 'ya'ya uku, ina leƙe.

Ya saurari matata, ya gyaɗa kai. Ya dubi motar. Ya je gindin sabuwar ƙafar, ya tsuguna, ya ɗora taƙinsa a matakin farko. Ya ɗora tafin ƙafarsa a kai, dunduniyar ta rataya. Bai hau ba. Umma tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan kujera, ya je ya tsuguna suka yi magana ƙasa-ƙasa, ban ji abin da suka ce ba. Da ya miƙe sai na ji ya ce da ƙarfi, yadda na sama zai ji, "Allah ya sa albarka a gida." Ya ce wa mai amalanke su juya. Ko igiyar ba a kwance ba.

Shekara huɗu aka yi bayan wannan. Umma ta gwada hawa sau ɗaya, ranar da muka tare a sama. Ta kai mataki na uku, ta tsaya, ta ce a sauko da ita. Ba ta sake gwadawa ba. A hankali gidan gaba ɗaya ya koma sama, can talabijin yake, can iska take, can ake cin abinci. Yara su sauko su gaishe ta da safe su ruga su koma. Da matata ta haihu, a sama ta yi jego, sai dai a sauko da jaririyar a nuna wa kakarta a mayar. Ranar suna mata suka cika falon sama ana ta shewa, Umma tana ƙasa da tsofaffi biyu da su ma suka kasa hawa. Ɗakin da na ce nata ne ya zama wurin ajiye akwatuna. In na dawo daga aiki nakan same ta ita kaɗai a kan kujerarta, gefen motata, tana sauraron dariyar jikokinta daga sama.

Ba ta taɓa ce mini komai ba. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta zaunar da ni ta yi mini ƙorafi a kan abin da ya shafi jin daɗinta. Na san da wannan kunyar tata, na kuma fake a bayanta. Da ƙanwata ce ta yi mata haka, da ta sha faɗa tun ranar farko.

Kawu kuwa bai daina zuwa ba. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya zo, ya zauna a tabarma kusa da ƙanwarsa, ya kawo mata goro da labarin dangi, su yi ta gardama a kan wanda ya girmi wani a cikin mutanen da suka mutu tuntuni. In mun haɗu ya ce, "Likita, ya marasa lafiya?" In ce da sauƙi, Kawu. Bai taɓa ɗaga kai ya dubi ƙafar benen ba, bai kuma taɓa taka ta ba. Na sha ce masa ya hau ya ga sama, sai ya ce, "Inda ƙanwata take nan ne gidan." Daga baya na koma karɓar aikin ranar Juma'a da gangan.

Da ciwon ajalinsa ya zo aka kwantar da shi a asibitinmu. Ba sashena ba ne, amma kullum ina wurin, ni ke juya shi, ni ke goge masa jiki. Mutane suna ta sa mini albarka, wai ɗan halak. Sau nawa na buɗe baki zan ce Kawu ka yafe mini, sai in ji kaina ina tambayarsa ko ya sha magani. Kwana biyu kafin ya cika ya kama hannuna, ya ce, "Ya gwiwar Ummanka?" Na ce da sauƙi. Ya ce, "Tana ƙara tsufa fa." Na ce haka ne. Ya jira. Na ga yana jira, wallahi na gani. Na tashi na gyara masa ƙarin ruwan da babu abin da ya same shi.

Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun ragu, matar Kawu, wadda muke ce wa Inna, ta aiko a kira ni cikin gida. Tana cikin takaba, ba ta ɗago ta dube ni ba. Ta miƙo mini mabuɗi ta ce in buɗe ɗan ɗakin da ke bayan rumfar aikinsa.

Suna nan. Iyaye shida, an ɗora su a kan bulo don kada su taɓa ƙasa, an sa 'yan guntaye a tsakaninsu don iska ta ratsa. Sun yi baƙi suna sheƙi. Allunan takawa a ɗaure gefe guda, kowanne da lambarsa da fensir. Sandar tana jingine a kusurwa da tsagarta.

Inna ta ce daga bakin ƙofa, "Duk shekara kafin damina sai ya fito da su ya shafa musu baƙin mai saboda gara. Bana ma ya yi, yana yi yana hutawa. An zo saye ya fi sau biyar, ya ce ba nasa ba ne. Ya ce in ka zo a ba ka."

Na ce, "Inna, ya ce in na zo?"

"Haka ya ce. To ga shi ka zo."

Na zauna a ƙasan ɗakin nan cikin garin katako na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Da na fito na tarar da dattijon nan na Tarauni yana neman takalminsa zai tafi. Na tsuguna na ce masa, Baba, maganar da na faɗa maka shekaranjiya ba gaskiya ba ce, Kawu ya yanka mini ƙafar bene, ni na ƙi ta. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Subhanallahi. To me kake jira?"

Kafintan nan na Unguwa Uku na sake kira, shi ya cire tasa, shi ya kafa ta Kawu. Ya yi ta juya iyayen yana shafa haƙoran yana girgiza kai. Ya zo da zarto ko za a rage wani wuri, har aka gama bai ciro shi daga buhu ba. Matakin ƙarshe ya zo daidai da tayil ɗin sama, ko takarda ba za ta shiga tsakani ba. Ƙafar ta sauka a kan layin nan da Kawu ya ja da ƙafarsa. Motar tana kwana a waje yanzu, ƙarƙashin bishiyar maƙwabcina, kuma ba abin da ya same ta.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya sauƙaƙa masa hawan da ke gabansa kamar yadda ya sauƙaƙa wa tsofaffin mutane nasu. Ya yafe masa kaifin bakinsa, ni kuma ya yafe mini shirun da na yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da ya saba zuwa, na je na tsuguna a gaban Umma na ce ko za ta gwada. Ta dubi ƙafar benen. Ta ce a miƙo mata mayafinta.

Na riƙe ta ta dama, mu biyu muka shiga faɗin ba tare da mun matsu ba. Ta ɗaga ƙafa ta ɗora. Ina kallon fuskarta, ba ta cije leɓe ba. Muka yi ta hawa, yara sun yi tsit a sama suna leƙowa. A na takwas numfashinta ya fara sama-sama, a na tara sai ga dandamali. Ta tsaya ta dafa mariƙin, ta huta, ta shafa katakon da tafin hannunta. Ta ce, "Yaya ke nan." Muka ƙarasa.

Da ta shiga falon, matata ta nuna mata kujera, yara suna jan ta ta zo ta ga ɗakinta da aka kwashe akwatunan. Ba ta bi su ba. Ta tafi a hankali zuwa tagar da ke kallon tsakar gida, ta kama labulen ta ɗaga, ta leƙa ƙasa.

Ba ta juyo ba ta ce, "Nan ka tsaya ranar?"

Na ce, "Nan ne, Umma."

"Ya ga labulen yana motsi. Na ce masa zan aika a sauko da kai, ko da ban taɓa yi maka faɗa ba ranar zan fara. Ya ce in ƙyale ka." Ta saki labulen. "Ya ce shi zai riƙa shafa wa katakon mai har ka zo."